Na'urorin Ɗaukar Sautin Zuciya: Tarihinsu, Yadda Suke Aiki, da Amfaninsu ga Ɗakunan Shan Magani na Ƙasar Bici

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan magana ta dace da zuciyar da ke fushi da murna da fargaba. Amma ita tsokar nan da ke cikin ƙirji, wadda ke harba jini kusan sau 100,000 a kowace rana, sau da yawa fuska ba ta ba da labarinta sai ɓarna ta yi nisa, ƙafafu sun kumbura, haki ya hana barci. Kafin a kai ga haka kuwa, zuciya takan ba da labarin kanta ta hanyar sautin da take yi, in an sami mai saurare da abin sauraren.

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan na'urorin da ake ɗaukar wannan sauti da su, watau waɗanda ke kama shi, su zana shi, su kuma adana shi. Za a duba asalin sautin, da iyakar abin da kunne ke iya ji, da tarihin na'urorin da yadda suke aiki. Sa'an nan a duba abin da za su iya tsinana wa ƙasar Bici, wadda ke da nisan kimanin kilomita 40 daga birnin Kano a kan hanyar Katsina. Mai wannan takarda malamin kimiyya ne, ba likita ba, don haka ta fuskar ilmin sauti da ta koyarwa zai fi karkata. Abin da yake son tabbatarwa shi ne: babban amfanin waɗannan na'urori a karkara shi ne mayar da abin da mutum ɗaya ya ji ya zama shaidar da za a iya ajiyewa, a aika wa ƙwararre, a kuma koyar da ita.

2.0 Asalin Sautin Zuciya

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama masu karɓar jini, biyu a ƙasa masu harba shi. Ɗakin ƙasa na dama huhu yake tura jini, na hagu kuwa sauran jiki duka. Akwai kuma ƙyamare huɗu da ke hana jini komawa baya. Biyu suna tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa, su ne ƙyauren mitiral a hagu da na tirikasfid a dama. Sauran biyun suna bakin manyan jijiyoyin da ke fita, su ne ƙyauren awota da na jijiyar huhu.

A duk bugu ɗaya, lafiyayyar zuciya sauti biyu take yi. Na farko yana fitowa lokacin da ɗakunan ƙasa suka fara matsewa, mitiral da tirikasfid suka rufe. Shi ya fi kauri da tsawo. Na biyu yana fitowa lokacin da suka saki, ƙyauren awota da na huhu suka rufe, kuma ya fi na farko kaifi da gajarta. In zuciya tana bugawa sau 75 a minti, kowane zagaye yana cin sakan 0.8, matsewa ta ɗauki kimanin 0.3, saki ya ɗauki 0.5. A cikin wannan ɗan taƙin lokaci ne ake son mai saurare ya tantance abin da ya ji da kuma gurbin da ya faɗo.

Ban da waɗannan biyu, akan sami sauti na uku jim kaɗan bayan na biyu, sa'ad da jini ya kwararo da ƙarfi cikin ɗakin ƙasa. Ga yara da samari da mata masu ciki, wannan ba lalle ne ya zama cuta ba. Amma ga magidanci ko dattijuwa, alama ce ta zuciyar da ta fara gazawa. In ya haɗu da saurin bugu, sai a ji kamar doki na sukuwa, kuma da sunan sukuwa likitoci suka san shi. Akwai na huɗu da ke zuwa gab da na farko, wanda akan ji ga zuciyar da bangonta ya yi kauri, kamar ta mai daɗaɗɗen hawan jini.

Sai kuma abin da za mu kira huci a wannan takarda. In ƙyaure ya tsuke, ko ba ya rufuwa sosai, ko kuwa akwai huda a bangon da ya raba ɗakuna, jini ba ya wucewa salin-alin, sai ya riƙa kutsawa yana tumbatsa. Ƙarar da ke fita ta yi kama da ta zugazugin maƙeri. Tun 1933 Freeman da Levine a Amurka suka kasa ƙarfin huci mataki shida, daga wanda sai an kasa kunne sosai, zuwa wanda ake ji ko ba a manna abin saurare a fata ba.

3.0 Abin Sauraren Ƙirji da Iyakar Kunne

Kafin 1816, likita kunnensa yake ɗorawa a ƙirjin majinyaci. A wannan shekara ce René Laennec, wani likita a asibitin Necker da ke Faris, ya ga bai dace ya yi wa wata matashiya haka ba, sai ya naɗe takarda kamar bututu, ya ɗora baki ɗaya a ƙirjinta, ɗaya a kunnensa. Ya tarar sautin ya fi fitowa sarai. Daga nan ya sassaƙa na itace, ya kuma wallafa littafinsa a kan saurare a 1819. A 1852 George Cammann a Amurka ya fito da mai kunne biyu wanda ya karɓu ga likitoci, David Littmann kuma ya kyautata shi a farkon shekarun 1960 zuwa irin wanda muke gani yau a wuyan malaman asibiti. Shi ne sitetoskof. Ɗan'uwansa, ƙahon da Adolphe Pinard ya ƙera a Faransa a 1895, duk matar da ta taɓa zuwa awo ta san shi, don da shi ake jin bugun ɗan da ke ciki, wanda yake kaiwa 110 zuwa 160 a minti.

Sitetoskof kayan aiki ne mai araha, ba ruwansa da wutar lantarki, ba ya kuma saurin lalacewa. Duk da haka yana da iyaka guda uku.

Ta farko daga kunnen ɗan Adam take. Ana auna kauri ko sirantakar sauti da yawan karkarwarsa a cikin sakan ɗaya, ma'aunin kuwa shi ne hez. Kunne yana ji daga hez 20 zuwa 20,000, amma ya fi ji garau tsakanin 2,000 da 5,000. Shi ya sa muryar algaita ke huda kunne daga nesa, tambari kuwa sai mutum ya fi jin sa a ƙirji. To, sautin zuciya dangin tambari ne. Mafi yawansa tsakanin hez 20 da 200 yake, na uku da na huɗu ma suna can ƙasa, kusa da inda ji ya ƙare. Ke nan sautin da ya fi nuna gazawar zuciya shi ne wanda kunne ya fi wuyar kamawa.

Ta biyu ita ce ƙwarewa. Tantance huci mai illa daga marar illa sai wanda ya saurari ɗaruruwan ƙirji a gaban malamin da ya iya, yana yi ana gyara masa.

Ta uku, wadda ita ce jigon wannan takarda, abin da aka ji ya wuce ke nan. Malamin asibiti ba shi da abin da zai nuna wa wani, ba zai kuma iya gwada na yau da na watan jiya ba, sai dai ya rubuta abin da yake zato. In mutum biyu suka saɓa a kan abin da suka ji, babu alƙalin da zai raba su.

4.0 Tarihin Ɗaukar Sautin

Gani ya kori ji. Wannan ne ya sa masana suka shiga neman hanyar zana sautin zuciya a takarda. A 1894, Willem Einthoven da abokin aikinsa Geluk, a birnin Leiden na ƙasar Holan, suka ɗauki sautin da makirfo, suka mayar da shi lantarki, lantarkin ya riƙa motsa zaiba a cikin siririn bututun gilashi, suka ɗauki hoton motsin. A 1907 Einthoven ya sake yin aikin da sabuwar na'urarsa, wadda wani zare da ya fi gashi siranta ke karkarwa a cikinta tsakanin bakin maganaɗisu biyu. Nauyinta ya kai kilo 270, kuma sai mutum biyar ke sarrafa ta. Da ita ce ya kafa awon lantarkin zuciya, watau ECG, aikin da ya jawo masa kyautar Nobel a 1924. Na'urar zana sauti ita ake kira fonokadiyogiraf.

Daga shekarun 1940 zuwa na 1960 aka ci kasuwar wannan na'ura a manyan asibitoci. Tsarinta a lokacin shi ne makirfo a ƙirji, sai abin ƙara ƙarfin sauti, sai matata da ke ware kauri daga siriri, sai ɗan madubi da ke karkarwa yana haska takardar hoto. A gefe guda kuma ana zana ECG a kan takardar, don a san gurbin kowane sauti a cikin zagayen bugu. Da irin wannan ne Aubrey Leatham a Landan ya bayyana yadda sauti na biyu ke rabuwa gida biyu in mutum ya ja numfashi, da abin da saɓanin haka ke nufi. Mafi yawan abin da ake koya wa ɗaliban likita a yau game da saurare, daga waɗancan takardu aka tabbatar da shi.

Abin da ya dusashe ta shi ne eko. A 1953, a birnin Lund na Suwidin, Inge Edler da Hellmuth Hertz suka aika siririn sautin da kunne ba ya ji cikin ƙirji, suka karanta amsa-kuwwar da ta dawo. Da wannan fasaha ta bunƙasa, aka sami damar ganin ƙyamare suna buɗewa suna rufewa, aka kuma iya auna yawan jinin da zuciya ke harbawa. Zuwa shekarun 1980 fonokadiyogiraf ta koma ɗakin ajiya a yawancin asibitoci. Sai dai na'urar eko tana da tsada, tana kuma bukatar ƙwararre, don haka a manyan birane ta tsaya. Giɓin da aka bari tsakanin sitetoskof na ƙauye da eko na birni shi ne ya dawo da tsohon tunanin Einthoven cikin sabuwar kama.

5.0 Yadda Na'urar Zamani Take Aiki

Sitetoskof mai lantarki bai wuce cikin tafin hannu ba, kuma matakai biyar yake bi. Da fari akwai makirfo, ko wani faifai mai fitar da lantarki in an matsa shi, wanda ke karɓar karkarwar fata. Sai a ƙara wa sautin ƙarfi ninki-ninki. Sai a tace shi kamar yadda rariya ke tace gari, a zubar da ƙarar waje da ta gogar tufafi, a bar iyakar da zuciya ke magana a cikinta. Na huɗu, a mayar da shi lambobi ta hanyar auna tsayinsa sau dubbai a sakan. Ƙa'idar a nan ita ce, yawan awon ya kai aƙalla ninki biyu na sauti mafi siranta da ake son kamawa, saboda haka awo 4,000 a sakan ya wadatar. Daga ƙarshe a tura lambobin zuwa wayar hannu, inda za a ga zanen, a sake saurare, ko a aika wa wani. Wasu na'urorin suna ɗaukar ECG a lokaci guda, kamar dai yadda ake yi tun zamanin takardar hoto.

Wurare huɗu ake ɗora ta a ƙirji: tsakanin haƙarƙari na biyu da na uku a dama da ƙashin ƙirji, sai takwaransa na hagu, sai gindin ƙashin ƙirji ta hagu, sai kuma ƙasan mama na hagu inda kan zuciya ke bugawa. Don kama sauti na uku ko hucin tsukewar mitiral, akan sa majinyaci ya kwanta ta gefen hagu.

Sabon abin da ya shigo shi ne ƙirƙirarriyar basira. Ana tara dubban sautuka waɗanda ƙwararru suka riga suka tantance, a ba manhajar kwamfuta ta yi ta bita har ta koyi bambance su. Alal misali, a gasar PhysioNet ta 2022 an yi amfani da sauti 5,272 da aka ɗauka daga mutum 1,568, yawancinsu yara, a arewa maso gabashin Birazil. Abin lura a nan shi ne, manhaja ba ta sanin abin da ba a nuna mata ba. Wadda aka horar da ƙirjin mutanen wata nahiya, dole a jarraba ta a kan mutanenmu kafin a amince da hukuncinta.

6.0 Cututtuka Biyu da Suka Shafe Mu

6.1 Gazawar zuciya ta goyon ciki da jego

Wannan cuta tana kama mace a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. Tsokar zuciya ta yi rauni, ɗakin hagu ya kasa harba jini yadda ya kamata. Lafiyayyar zuciya tana fitar da kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari na jinin da ke ɗakin a kowane bugu, amma ta mai wannan cuta takan faɗi ƙasa da 45.

Ƙasar Hausa tana cikin wuraren da cutar ta fi yawa a duniya. A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry sun bi mata 224 da suka kamu, suka wallafa sakamakon a 1978. An ƙiyasta cewa a yankin Zariya tana samun kimanin mace 1 cikin 100 da suka haihu. Isezuo da Abubakar sun sami 1 cikin 102 a Sakkwato a 2007. A Amurka kuwa, tsakanin 1 cikin 1,000 ne da 1 cikin 4,000. Masu binciken Zariya sun danganta abin da al'adun jego, watau wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana 40 ko fiye, da kwanciya a gadon ƙasa mai garwashi, da shan kunun kanwa, wanda gishirinsa ke tara ruwa a jiki. Binciken da ya biyo baya bai tabbatar da cewa al'adun su kaɗai ne sanadi ba. Cénac da abokansa a Yamai sun nuna ƙarancin sinadarin siliniyom a jinin masu cutar a 1992, Farfesa Kamilu Karaye ma ya sami haka a Kano. Rajistar PEACE da ya jagoranta, wadda aka wallafa sakamakonta a 2020, ta nuna cewa mafi yawan matan daga Arewa maso Yamma suke, kuma rama da rashin abin hannu da hawan jinin masu ciki suna da hannu a ciki.

Wahalar gane cutar ita ce, alamominta sun yi kama da na ciki kansa. Kumburin ƙafa da haki da kasala, duk ana ɗaukar su nauyin ciki ne ko sanyin jego. Hatta mai saurare yana iya ruɗewa, domin jinin mai ciki yana ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, wanda ke haifar da ɗan huci da sauti na uku ko ga mai lafiya. Ƙarancin jini ma yana yin haka.

A nan ne aka yi gwajin da ya fi kusa da mu. Daga 2022 zuwa 2023, Dokta Demilade Adedinsewo ta cibiyar Mayo a Amurka, tare da likitocin Nijeriya, ta jagoranci gwaji mai suna SPEC-AI a asibitoci shida, ciki har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Rasheed Shekoni na Dutse. An raba mata 1,232, masu ciki da masu jego, gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya aka duba su yadda aka saba, ɗaya kashin aka ƙara musu da sitetoskof mai ɗaukar sauti da ECG tare, manhaja tana ba da hukunci, eko yana tabbatarwa. Sakamakon da mujallar Nature Medicine ta buga a 2024 ya nuna an gano raunin zuciya ga kashi 4.1 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa awon na'ura, da kashi 2.0 na sauran. Watau na'urar ta ninka yawan waɗanda aka gano. Ma'anar wannan kuwa mai nauyi ce: ta hanyar da aka saba, kimanin rabin masu raunin suna komawa gida ba a sani ba. Ga shi kuwa in an gano da wuri akwai magani, mata da yawa suna farfaɗowa, ana kuma iya ba su shawara kafin wani cikin, wanda yake da haɗari ga wadda zuciyarta ba ta gama warkewa ba.

6.2 Ciwon ƙyauren zuciya na yara

Wannan daga ciwon maƙogwaro yake farawa, irin wanda ƙwayar istireftokokas ke kawowa. In ba a yi maganinsa da fenisilin ba, garkuwar jikin wasu yara takan juyo ta far wa gaɓoɓi da ƙyamaren zuciya, musamman mitiral. Duk komowar zazzaɓin tana ƙara tabo, har ƙyauren ya tsuke ko ya riƙa yoyo. A ƙiyasin 2019, kimanin mutum miliyan 40 ne ke ɗauke da cutar a duniya, tana kashe kusan 300,000 a shekara, kuma a 2018 Majalisar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙuduri a kanta. Cuta ce ta cunkoso da talauci. Yarinyar da ta tashi da ita ba a sani ba, sau da yawa cikin fari ne ke tona ta. Rigakafin ci-gabanta kuwa allurar benzatin ce duk sati uku ko huɗu.

Amma a nan dole a yi hattara da wuce gona da iri. A 2007 Marijon da abokansa sun duba 'yan makaranta a Mozambik da Kambodiya. A Mozambik, duba na asibiti da saurare ya gano yara 2.3 cikin 1,000, eko ya gano 30.4. A Kambodiya 2.2 ne da 21.5. Dalili kuwa shi ne, ɓarnar farko ba ta da ƙara. Na'urar ɗaukar sauti, komai kyanta, ba za ta kama abin da bai yi sauti ba. Abin da za ta iya shi ne hana hucin da ya riga ya fito ya kuɓuce wa mai saurare.

7.0 Sharuɗɗan Amfani da Su a Ƙasar Bici

Ƙasar Bici tana cikin yankin da Michael Mortimore da sauran masana labarin ƙasa suka siffanta da cunkoson mazauni, inda gona ke manne da gona, ƙauye na hango ƙauye. Wannan yana da fa'ida ga maganarmu, don ɗakin shan magani guda yana iya ɗaukar unguwanni da yawa da ke iya isowa da ƙafa ko a babur. Ƙwararrun likitocin zuciya kuwa a birnin Kano suka taru. Magidancin da ke tsakiyar noman gero da gyaɗa ba zai ɗauki mai jego zuwa birni a kan zato ba, sai da hujja. Sautin da aka ɗauka, ƙwararre ya saurara ya ce a kawo ta, shi ne hujjar. Haka nan in ya ce ba komai, an hutar da gida daga kuɗin mota da na kwana.

Sai dai ya kamata a tuna cewa gwajin SPEC-AI a manyan asibitoci aka yi shi, inda eko da likita ke kusa. Kafin a sami irin amfaninsa a karkara, sai an cika sharuɗɗa kamar haka:

(a) Wurin shiru. Ƙarar injin niƙa da janareta da kukan jariri duk suna shiga makirfo. Ɗaki mai ƙyaure, ba rumfa ba, shi ake bukata.

(b) Mace ta auna mace. Wurin da ya fi muhimmanci a ƙirji shi ne ƙasan mama, kuma kunyar da ta sa Laennec ya naɗe takarda tana nan a wurinmu, ta ma fi. Ma'aikaciyar awo ita ta fi cancanta ta riƙe na'urar, ungozoma kuma ta zama mai turo masu jegon da hakinsu ya hana su kwanciya.

(c) Izini da sirri. Sautin da aka ɗauka amana ne. A nemi yardar mai shi, kada kuma a aika shi da sunansa ta kowace kafa.

(d) Wuta da gyara. Batir yana bukatar caji, wanda faifan sola ɗaya zai wadatar. Ƙurar hunturu da zafin bazara suna lalata kayan lantarki, na'urar kuma da kuɗin waje ake sayen ta.

(e) Mai amsawa. Dole a sami ƙwararren da ya ɗauki nauyin saurare cikin ƙayyadadden lokaci, da hanyar kai majinyaci ga eko, da magani a Babban Asibitin Bici don ci gaba da kulawa. In babu wannan, an tayar wa iyali da hankali ne kawai.

Akwai kuma rawar da kwalejojin ilmi za su taka. Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Fasaha da ke Bici tana horar da malaman kimiyya da na lantarki. Haɗa makirfo da tsohon kan sitetoskof da wayar hannu aiki ne da ɗalibi zai iya, kuma darasi ne da ya tattara ilmin sauti da na lantarki da na halittu wuri guda. Irin wannan ba don duba marasa lafiya ba ne, don koyo ne. Amma wanda ya haɗa shi da hannunsa shi ne gobe zai iya gyara na asibiti. Bugu da ƙari, malaman da muke yayewa su ne ke tare da yara a aji, su za su fara lura da yaron da ke yawan ciwon maƙogwaro, ko wanda ya daina gudu da 'yan'uwansa. Sautukan da aka adana kuma za su ba makarantun koyon aikin lafiya damar horar da kunnen ɗalibi ta maimaici, da bayani cikin Hausa.

8.0 Kammalawa

An nuna a wannan takarda cewa zuciya tana yin sautin da ke bayyana halin ƙyamarenta da ƙarfin tsokarta, cewa kunne yana da iyaka wajen kama shi, kuma tun 1894 ake neman hanyar zana shi da adana shi. An kuma nuna cewa na'urar da a dā sai mutum biyar ke sarrafa ta, yau ta shiga aljihu, har an jarraba ta a kan matan Kano da Dutse an ga amfaninta. Ba ta maye gurbin eko ba, ba ta kuma maye gurbin likita ba.

Shawarar da za a bayar ita ce a fara da kaɗan. A zaɓi wasu ɗakunan awo a ƙasar Bici, a horar da ma'aikatansu mata, a ƙulla su da ƙwararru a Kano, a riƙa rubuta yawan waɗanda aka auna, da waɗanda aka tura, da waɗanda eko ya tabbatar. Bayan shekara guda a zauna a duba lissafin. Haka kuma ana kira ga masana harshe da ke wannan taro su taimaka wajen daidaita kalmomin fannin, domin irin su ƙyaure da huci da sukuwa da aka yi amfani da su a nan shawara ce kawai, ana maraba da gyara. Ma'aikaciyar da za ta gaya wa mai jego da mijinta dalilin tura su birni, da Hausa za ta yi musu bayani, kuma fahimtarsu ce za ta sa su tafi ko su zauna.